Taku Goma Sha Tara

Daga ƙofar kicin ɗin Eirlys zuwa shingen baya
taku goma sha tara ne.
Ni da tef na auna, ita da gwiwa.
"A da sha biyu nake yi," in ji ta,
"ko lambun ne ya miƙe, ko ni ce na tsuke."

Talata ce, Aberystwyth na yayyafinta na kullum,
takardata ta jiƙe tun ban ja layi ba.
Gwilym na leƙo mu ta tagar bene.
Wata bakwai ke nan matakala sha huɗu
na tsare da shi kamar ganduroba.

Babban gidan za a bar wa Nesta da yaranta.
Tsofaffin za su ƙaura
ba tare da sun sauya lambar gida ba,
zuwa tsakanin kunyar kabeji da rumfar kekuna.

Hukumar tsara gari ta ce kada rufi ya ɗara shinge da yawa.
Maƙwabci, Mista Pugh, ya aiko wasiƙa shafi uku:
inuwarmu za ta cinye masa tumatir.
Sai na kwantar da kan rufin ta gefensa
kamar mai gaisuwa ba da son ransa ba.

Itacen tuffa kuwa ya tsaya a tsakiyar falona.
Na ce a sare.
Ta ce ƙarƙashinsa akwai karnuka biyu,
da wani zobe da ya ɓace shekarar da aka haifi Nesta,
kuma har yau ba ta fid da rai ba.
Na koma ofis, na lanƙwasa gidan kamar gwiwar hannu,
ya rungume itacen.
Kwana tara hakan ya ci mini.

Bangon kudu gilashi ne tun daga ƙasa.
Ɗumi zai riƙa tasowa ta ƙarƙashin daɓe.
Babu dokin ƙofa ko ɗaya da zai kama yatsa.
Makunnin fitila na sauko da shi daidai kafaɗar wanda ke zaune,
tagar ɗakin kwana daidai idon wanda ke kwance.
Ban faɗi dalili ba.
A sana'armu akan zana gobe, a kira ta ado.

Da muka zo kan ƙofofi na ce,
"Santimita casa'in. Faɗi ake yayi yanzu."
Ta dube ni ta saman tabarau.
"Yarinya, shekara talatin na yi ina jinya a asibiti.
Ƙara tafin hannu guda.
Casa'in ta ishi keken guragu,
amma mutum shida da akwati a kafaɗa sai sun karkata.
Na ga yadda aka fitar da mahaifina ta taga,
ba za a yi wa Gwilym haka ba."
Sannan ta tambaye ni ko ina shan sukari.

Na goge casa'in. Hannuna bai tsaya daidai ba.

A watan Afrilu muka kafa turaku, muka ja farin zare.
Jikoki biyu suka sauko da tsohon a kan kujera.
A bakin zaren ya ce a ajiye shi.
Ya ƙi tsallakawa.
Ya bi gefe da sandarsa, a hankali,
har inda na bar giɓin ƙofa,
ya goge takalmansa a ciyawa,
ya shiga.

Ya zauna a kan kifaffen bokiti
a inda gadonsa zai kasance,
ya daɗe yana kallon bayan tsohon gidan
ta tagar da babu ita tukuna.

"Shekara arba'in da ɗaya," in ji shi,
"ban taɓa lura indararon can ya karkace ba.
Eirlys, a gaya wa Nesta.
Yanzu nata ne."